Doka ta Goma Sha Bakwai

A ƙofar ɗakin kwananmu, nan Kayele,
akwai takarda kafe da ƙusa huɗu.
Rana ta shanye rabin tawadarta,
amma mun haddace ta kamar Zabura.

Ƙarfe biyar ƙararrawa, biyar da rabi sujada.
Wanda ya makara ya tsaya bakin ƙofa,
ya yi waƙarsa daga waje.
Riga cikin wando.
Ba giya, ko da burkutun gidan kawunka ne.
Waya ta kwana a akwatin ofis har Juma'a.
Tsakanin ɗakin maza da na mata darbejiya uku ne:
ta fari iyakarka, ta biyu gargaɗi,
ta uku kuwa, je ka ɗaure kayanka.
Tara a rufe ƙofa, goma a kashe fitila.
Ba girki a ɗaki.

Can ƙasa, inda tsatsar ƙusa ta zubo,
ta goma sha bakwai ke zaune:
wanda ya ga laifi ya yi shiru,
da shi aka yi.

Ni aka ba littafin sunaye a zangon nan,
mai jan bango, da biro ɗaure da zare.
Tun ranar, hira kan mutu in na shigo,
kamar an zuba wa garwashi ruwa.

Daren Laraba Danra ya dawo daga ɗaukar auduga,
kuɗin makaranta yake haɗawa buhu-buhu.
Ya tarar an wanke tukwane, an kife.
Sha ɗaya ta wuce na ji motsi ƙarƙashin gado:
risho ne, ɗan ƙarami, mai ƙafa ɗaya gurguwa,
da busasshen kifin Yaguwa da uwarsa ta aiko
cikin tsohuwar jarida.

Ƙamshi ba ya karanta doka.
Ya bi ta kan gidan saurona ya zauna mini a hanci.
Na ce, Danra, ka san abin da ke hannuna.
Ya ce, na sani. Matso, akwai yaji.

Na matsa.
Ba zan ce Shaiɗan ba ne, cikina ne.
Har ƙaya na tsotse.

Da asuba Fasto Wanso ya karanta mana
zancen mai aminci cikin ƙaramin abu.
Bai dube ni ba ko sau ɗaya,
ni ne na ji benci ya yi zafi.
Yatsuna ƙarni suke, na wanke sau uku,
sabulu ya ƙare, ƙarnin bai ƙare ba.

Na buɗe littafin.
Biro ya yi nauyin taɓarya.
Na rubuta Barnabas Ɗanjuma, wato ni,
sannan Danra a ƙarƙashi,
don wanda ya riƙe alƙalami ya fara da kansa.

Kwana biyu bai yi mini magana ba.

Hukunci: mako guda, bokiti ashirin kowace yamma,
daga rijiya zuwa dashen mangwaro na bayan majami'a.
Fasto ya karɓe rishon, ya juya shi a hannu,
ya ce a gaya wa Mama Maiwore ta kicin
ta riƙa rufe kwano ɗaya domin masu aikin auduga.
Wannan ba a rubuta ta a takarda ba.

Rana ta huɗu ya same mu muna haki.
Ya dafa babban mangwaron da muke hutawa a gindinsa,
ya ce, wannan nawa ne.
Shekara ta biyu, na haura katanga kallon ƙwallo.
Wancan na Fasto Paguwa ne, kada ku tambaye shi dalili.

Na ɗaga kai na dubi harabar duka,
ganye kan ganye har bakin titi.
Ashe duk inuwar makarantar nan
masu laifi ne suka shayar da ita.

Danra ya tura mini guga da ƙafa.
Ya ce, ja, malam mai littafi,
saura bakwai.