Shagon da Ba Shi da Ƙofa

Shekara ashirin da biyu ina Agege,
benci guda, rumfar takalma guda,
ina jiran ƙafar da za ta tsaya.
In ruwan Ikko ya kece, ciniki ya tafi hutu,
ni da kwata mu wuni muna kallon juna.

Sai ga Sahura, 'yar marigayi Ilu mai faci,
ɗaki ɗaya gare ta bayan layin dogo,
tukunya biyu, turmi, da waya mai tsagaggen gilashi.
Dambun nama take yi, da yajin daddawa.
Na ce, 'yar nan, ina shagon?
Ta ɗaga wayar: Baba, ga shi.
Na yi dariya har na ƙware.

Yau kafin hantsi babur uku ne a ƙofarta,
ɗaya Ikeja, ɗaya Surulere,
ɗaya ya haye doguwar gada ya nufi Lekki,
gidajen da maigadi ba zai bar ni in leƙa ba
can yajinta ke zaune kan tebur.

Gemu ba ya hana neman ilimi.
Na naɗe girmana na sa a aljihu,
na zauna kan bokitinta ina kallo.
Ta jira rana ta shigo ta taga,
ta goge faranti, ta ɗauki hoto sau tara,
ta zaɓi wanda ya fi kama da gaskiya.
Ta ce, abin da ido ya gani a waya
shi hannu zai kwance a leda,
in ba haka ba, ciniki ɗaya ne, ba na biyu.

Akwai wata Iya Bolanle da ta kira cikin dare,
wai gishiri ya yi yawa.
Da ni ne, sai in ce harshenki ne, Madam.
Ita ta sake dakawa, ta aika kyauta,
ta haɗiye asarar da ruwan sanyi.
Matar nan ta jawo mata ofis guda,
har da direba da mai shara.

Tana da littafi, bangonsa duk maiƙo:
wa ke son barkono, wa ke da gyambon ciki,
wa zai yi suna ran Asabar.
Uwar kuɗi a shafi ɗaya, riba a wani,
ba ta barin su gaisa.
An taɓa yi mata alat na ƙarya, roba goma sha biyu,
ta yi kukanta, ta wanke fuska.
Tun ranar, sai kuɗi sun zauna kaya ke tashi.

Ba zan ɓoye tawa wautar ba.
Kafin in je gare ta, na bi wani Shatima,
mai jingina da motar haya yana ɗaukar hoto,
mai sayar da sirrin arziki cikin kwana bakwai.
Dubu biyar na tura masa.
Sirrin kuwa? In nemo wani wawan
in sayar masa da sirrin.

Jiya na shimfiɗa farin buhu a ƙasa,
na jera takalman da na ɗinka da hannuna.
Hoton farko, babban yatsana ya rufe rabi.
Na biyu, akuyar maƙwabci ta shigo.
Na uku Sahura ta ce, to, da dama.

Bayan isha'i wayar ta yi ƙara.
Wani daga Ikorodu, ban san fuskarsa ba,
lamba arba'in da uku, baƙi, yana so gobe.
Na duba ɗinkin sau biyu a hasken tocila,
na ga zare ɗaya ya saki a dunduniya.
Ba zai gani ba sai bayan wata.
Na jawo benci,
na ɗauko basilla.