Rijiyar Sama

Shekara talatin da biyu ina durƙusa masa,
wannan dogon madubin hangen taurari
da farin fentinsa ya koma ruwan ƙasa.
Na saye shi ran da lakwal ta yi gwanjon tarkace,
shi da taswirar da gara ta cinye wa teku.
Ƙafafunsa uku na katako, ɗaya tana ɗingishi,
na saba tokare ta da guntun tubali.

In tauraro na ƙasa-ƙasa, lafiya lau muke.
In ya hau tsakar ka, nan ake yin ta:
gwiwa a tsakuwa, haɓa a sama, ƙeya a kafaɗa,
kamar mai tarar ruwan indararo da baki.
Da ƙuruciya ban damu ba.
Bana wuya ya ce ya gaji.
Likita ya ɗaga hoton ƙashina a taga,
ya ce, Mushe, ka bar ɗaga kai.
Na ce, to me ya rage?

Wata huɗu yana jingine bayan rumbu,
kaji na kwana tsakanin ƙafafunsa.

Illa ne ya zo,
yaron da na kora daga aji har sau uku
don ya kasa zana kogin Kwara.
Yanzu injin fotokwafi yake gyara a Geben Zogi.
Ya juya bututun, ya leƙa, ya sosa gemu,
ya ce, ai haske ma yana shan kwana in an lallaɓe shi.

Kashegari ya dawo da gwiwar tiyo ta masu famfo
da ɗan madubin da ya zaro daga cikin mataccen inji.
Azurfarsa a fuska take, in ji shi, ba a baya ba,
kar yatsa ya taɓa.
Ya kwantar da shi a karkace cikin gwiwar,
ya danne da robar tsohon silifa,
ya shafe ciki da baƙin fenti.

Muka gwada kan eriyar maƙwabta. Dishi-dishi.
Hanya ta ƙaru, in ji shi,
hasken yana haɗuwa tun bai iso ido ba.
Sai an rage bututun. Yatsa uku.
Na ce a'a.
Na ce bari in sha ruwa.
Ina bakin randa na ji kukan zarto,
na ƙirga ja arba'in da ɗaya.
Zoben da ya faɗo yana nan cikin gwangwanin maɓallai.

Daren Laraba wuta ta ɗauke a Bilbis,
kwaɗin Babaye suka karɓi gari.
Na jawo kujera na zauna. Zama fa!
Na sunkuya kamar mai leƙen rijiya,
irin namu na Adar masu cinye igiya,
sai ga wata can a ƙasan ruwa, ko motsi.
Dama ta koma hagu, hagu ta koma dama,
duwatsun da na haddace sun sauya mazauni,
na koma ɗan ajin farko ina da saba'in ba biyu.

Tsahara, wadda tun aurenmu ba ta taɓa leƙawa ba,
kullum cewa take gwiwarta ta sallah ce,
ta ajiye faifai ta ce, matsa.
Ta daɗe.
Sauro ya sauka a hannunta, ba ta kore shi ba.
Can ta ce, ashe tanda ce.
Shekara talatin kana kallon tanda,
ko masa ɗaya babu a ciki.

Amma ba ta tashi ba.
Ni da Illa muna tsaye, shayi na hucewa,
ina bin layi a cikin gidana,
wuyana kuwa bai ce uffan ba.