Tambaya Ta Goma Sha Bakwai

Aikina kiran waya.
Daga la'asar sakaliya har tara na dare,
a hawa na uku na wani tsohon gini a Omaha,
abin ji a kunne, shayi ya huce a gefe,
ina tambayar Amurka abin da take so.

Tambayoyin farko ba sa ta da jijiyar wuya:
farashin fetur, kuɗin asibiti, ramukan titi.
Ta goma sha bakwai ce mai ƙaya:
"In dokar Littafi da ra'ayin jama'a suka saɓa,
wanne gwamnati za ta bi?"
Akwati biyu ne a gabana,
sai ɗan ƙarami na uku: ban sani ba.

Darlene Pruitt, daga wani gari a Arkansas,
ba ta bari na kai aya ba.
"Littafi, 'yar nan, Littafi.
An rufe masana'antar takalma,
jikana ya kwanta dama da ƙwaya a aljihu,
kotu ta ci kamfanin tara, kamfanin ya yi dariya.
Shekara sittin da takwas ina fakewa a dokar mutum,
yoyo take, kamar rufin cocinmu."
Na ji cokali yana kewaya kofi,
yana kewayawa, bai tsaya ba.
Na danna akwatin farko.

Orval Tackett, a duwatsun Kentucky,
ya yi shiru har na zaci layi ya yanke.
Ya ce, "Ni ke buɗe ƙofar coci ran Lahadi,
ni ke share ganye a maƙabarta.
Amma faɗa mini, karatun wa za a bi?
Coci huɗu ne a titinmu,
uku sun ɓalle daga ta fari
a kan ko a tsoma mutum a kogi ko a yayyafa masa.
Kakan kakan kakana ya kwana a kurkuku
don ya yi wa'azi ba takardar hukuma,
wanda ya kulle shi kuwa da Littafin a hammata.
Ba ɗayanmu kulkin ɗan sanda,
ki dawo baɗi ki ƙirga ƙofofin da suka rage a buɗe."
Na danna na biyu.

Na'ura ta raba su gida biyu,
ba ta san waƙa ɗaya suke yi wa matattunsu ba.

Wani saurayi a Idaho ya ce, "Dokoki Goma, shi ke nan!"
Ya fara lissafa mini, ban roƙe shi ba,
ya kai biyar, ya cije, ya yi tari,
ya ce karensa na neman fita.

Sai mai kantin magani a Ohio,
Harjit Kaur, muryarta ƙasa-ƙasa:
"Ina kuka sami lambata?
Wa zai ga amsar?"
Na karanta mata alkawarin da ke jikin allo.
Ta ce, "Shekara ashirin ina auna musu magani,
suna kawo mini tuffa in kaka ta yi.
Ba na so in san abin da suka ce miki."
Ƙit. Ba akwatin wannan.

Jibi jarida za ta buga kaza cikin ɗari,
masu kwat za su yi ta ja-in-ja a talabijin.
Ba wanda zai ji cokalin nan.

Na iso gida, ƙanƙara ta rufe matakala.
Babana ya jira ni da miyar wake,
ya kama hannuna, ya sunkuyar da kai,
ya gode wa Mai Sama, na ce amin har zuciya.
Yana gutsurar burodi ya ce,
"Ke fa, Noreen, in an kira ki?"

Na ce, "Baba, ba a kiran mai kira."
Ya dube ni ta saman tabarau.
Na tashi neman gishiri,
alhali yana gabana.