Ramuka Biyu

A aljihun teburin kakata Hilda
na tarar da ɗan cokalin tona ƙasa,
bakinsa ya cinye, mariƙinsa ya yi sulɓi.
Na ɗauka na shuka fure ne.
Uwata ta ce, "A'a.
Da shi take haƙa wa ƙafafunta mazauni."

A Burnley aka haife ta, garin hayaƙi,
inda ruwan sama ba ya sallama.
Tana 'yar sha uku ta shiga masaƙa,
injuna huɗu a wuyanta.
Ƙara ta cinye mata kunnen hagu
har ta koyi tsintar magana a leɓe.
Ƙoshiya ta je, ƙoshiya ta dawo,
tana kallo tana jin kishi.

Ranar wasan ma'aikata aka sa butar shayi.
Ta cire takalmin katako,
ta tattare siket da hannu ɗaya,
ta bar mata bakwai suna haɗiyar toka.

Yadi ɗari.
Igiya a dama, igiya a hagu,
ƙasa kuwa tokar kwal, mai shiga fata ta zauna.
Ba abin tokare ƙafa a zamanin,
kowa nasa yake tonawa.
Sai ta durƙusa ta tona biyu,
ta daddaɓe su da tafin hannu.
Bindiga ba da kunne take jin ta ba,
a haƙarƙari take sauka.

Likita ya ce gudu zai zubar mata da mahaifa.
Fasto ya ce gwiwar mace ba ta kallo ba ce.
Manaja bai ce komai ba,
sule biyu dai yake yankewa duk Asabar.
Ta ce to.
Ta hau jirgin ƙasa da burodi a ƙunshin jarida.

Shekara huɗu, matan arewacin ƙasar
ba abin da suka sani nata sai ƙeya.

Da aka kira ta ƙetaren teku
matan masaƙa suka zagaya da gwangwani,
kobo, kobo, har ya yi nauyi.
A makon nan bel ɗin inji ya kama hannun ubanta.
Gwangwanin ya tafi wajen likita,
wancan likitan dai.
Jirgin ruwa ya tashi ranar Laraba.
Ita kuwa ta koma kan injunanta,
ta haifi biyar, duka lafiya lau.

Ni da sanda na san ta,
mai hawa bene tana hutawa sau uku.
Ban taɓa tambayar baƙaƙen ɗigon da ke gwiwarta ba.

Ranar da aka kai ta makwanci
rami ɗaya suka tona.
Uwata ta daɗe tana dubansa,
sannan ta ce, ƙasa-ƙasa,
"Ba su san ta ba."

Butar shayin tana nan, hancinta a karye.
Cokalin kuwa ban wanke shi ba.