Ɗinki Ɗari da Takwas

A Cleveland, gefen tafkin da ido ba ya ƙure shi,
hawa na shida, ɗakin da ba taga,
shekara huɗu ina renon wani abu
da bai fi ƙwayar shinkafa ba.
Waya ta zinari, siririya kamar gashin jinjiri,
riga ta roba mai taushin tantanin ƙwai.
Aikinsa ɗaya: ya kasa kunne ga jijiya,
ya tsallakar da saƙo inda gada ta karye.

Na fari, gishirin jini ya lashe shi.
Na biyu ya ɗau zafi.
Na sha ɗaya, nama ya zagaye shi da tabo,
ya ja masa katanga, ya rufe ƙofa.
Jiki ba ya karɓar baƙo
don kawai ya zo da takardar jami'a.
Wannan kam ba a littafi na koya ba.

Sai ga Wendell,
tsohon direban bas, saba'in ba ɗaya,
damarsa kwance a cinya kamar ta aro.
Ya sa hannu a takardunmu da hagu,
ya ɗago: "Lantana, kin san besbol?"
Na ce ni 'yar Gumel ce, langa na sani,
ita ma ta kan katanga, ta yayyena maza.

Ran Asabar ya ja ni fili.
Ciyawa shar, fitilu sun kori magariba,
ɓawon gyaɗa na ƙara ƙarƙashin takalmi.
Mutum guda da sanda, tara na jiransa ya kasa.
Awa guda ban ga abin ihu ba.
Ya ce, "Dubi yatsun mai jifa, bar kallon sanda.
Biyu kan ɗinki, babba daga ƙasa.
Shekara talatin haka nake riƙe ta,
har safiyar da kofin shayi ya suɓuce mini."

Can sai ƙwas!
Wani ya ruga kusurwa, ya wuce ta biyu, ya wuce ta uku,
ya zube da ciki inda ya taso.
Na ce, duk gudun nan, nan zai dawo?
"Sunan wurin gida," in ji Wendell.
Ban tanka ba. Na lissafa damina shida.

A hanya ya ce wanda ya kuskure bakwai cikin goma
a wasan nan gwani ake ce masa.
Na tuna aljihun teburina,
gawarwaki sha shida, kowacce da lambarta.

Na sha bakwai muka dasa.
Likita ya tsaga damtse, ya kwantar da shi jikin jijiya
kamar mai ajiye ƙwan zabuwa,
ya rufe da ɗinki biyar.
Wendell ya farka ya ƙirga, ya taɓe baki:
"Ƙwallona ɗari da takwas gare ta, kuma jajaye."

Mako tara, shiru.
Layin allo a miƙe kamar titin Haɗeja.
Ina kwana ina jin ƙarar firij a ka.

Wata Talata, ana tsugugin ruwa,
ya zaro ƙwallon daga aljihu, tsohuwa, ta yi launin ƙasa,
ya ɗora a tafin da ya manta shi.
Priyanka ta murɗa maɓalli.
Layin ya yi tari. Ya sake.
Manuniya ta motsa, kamar mai barci da aka kira sunanta,
ta tsakiya ta biyo baya,
suka laluba, suka laluba,
suka sauka kan ɗinki.

Ya jefa.
Taku ɗaya ta yi, ta faɗi,
ta gangara ƙarƙashin firij ɗin samfur.

A mujalla za mu rubuta ƙarfin damƙa da adadin daƙiƙu.
Babu gurbin sautin da ya fito daga maƙoshinsa.

Ina durƙushe, kumatu a siminti,
ina zakulo ta da rula,
na ji shi a bayana, murya na rawa:
"Miƙo nan. Wannan ɗumin hannu ne kawai."