Sulo

A Mil Tuwal na ɗora albasa buhu tara,
ladan bai sauke hannu daga kunne ba.
Na murza makullin akori-kurata,
ta amsa mini da kakkarwa.

In na taka totur, ras take, kamar ba ita ba.
In na ɗage ƙafa sai shessheƙa:
allura ta faɗi, ta miƙe, ta sake faɗi,
sitiyari na zillo a tafina,
madubi na kaɗa mini fuskata
kamar nono a ƙwarya ana burgawa.

A gosulon Ojota ta yi shiru.
Kwandastan danfo ya daki bodinta,
ya auna mini wata magana da Yarabanci
wadda na gode Allah ban iya fassarawa.

Mu huɗu muka tura ta gindin gada,
inda Baba Rasaki ke shimfiɗa kwali.
Hausarsa ta Sabon Garin Zariya ce,
ta tsufa, amma tana tafiya.
Ya ce, Garzali, inji abu uku yake ci:
iska, wuta, da mai.
Wanda ya yi rowa a cikinsu, shi muke nemowa.

Na ce fulogi ne, na rantse.
Ya ce kuɗinka ne.
Yaronsa Sabi'u ya hau acaɓa zuwa Ladifo,
ya dawo da huɗu sababbi a kwali.
Aka ɗaura. Ta tashi.
Ta ci gaba da rawarta.
Baba bai ce komai ba, goro yake ɓantarawa.

Sai ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa,
yana kasa kunne ko iska na sata.
Babu.
Ya wanke maƙogwaron totur, baƙi ƙirin,
ta ɗan sarara minti biyu,
har na fara lissafin Oshodi,
sai ga tarin yana dawowa.

Ya ce, murza makulli, kada ka tayar.
Ya kwanta a ƙasa, kunne a jikin tanki,
saman gada tireloli na wucewa,
shi kuwa ƙugin famfon mai yake jira,
ƙugin da bai fi na sauro ba.
Ya ce yana da rai, amma da ƙyar yake turawa.

Ya kwance filta, ya busa.
Kumatunsa suka cika, iska ta ƙi fita.
Ya buga ta a dutse,
tsatsa ta zubo ja, kamar garin barkono.

Sannan ya nemi kwalba.
Ya tsiyayo fetur, ya ɗaga ta saitin rana,
muka tsaya mu uku muna kallo.
A hankali suka rabu:
mai a sama, ruwa a ƙasa,
da layi a tsakaninsu
wanda ko alƙali ba ya gogewa.

Na ce ɗan bumburutun Ketu ne, macuci!
Baba ya zagaya, ya buɗe ƙofar tanki.
Babu murfi.
Leda ce da tsumma, ɗaurin hannuna,
tun watan azumi da murfin ya faɗi
na ce gobe zan saya.
Da ita na keta ambaliyar Owode sau uku,
ina yabon kaina da iya kurɗawa.

Sabi'u ya juya baya, kafaɗunsa na motsi.

Aka sauke tanki, aka ɗauraye, aka shanya.
Albasata na gumi a buhu,
mai kaya ya kira sau bakwai.
Murfin da na yi wa ƙyashi wata biyar
bai kai kuɗin fulogi ɗaya ba.

La'asar sakaliya ta tashi.
Baba ya ɗora kofin shayinsa a kan inji,
shayin bai ko girgiza ba.
Ya miƙo mini tsumman nan a leda,
ya ce, riƙe, naka ne,
ba ya cikin abin da muke gyarawa.