Harshen Gidado

Kwana tara maganar na kwance a bakina,
in tauna, in haɗiye, ta dawo.
Babayo, abotar shekara ashirin da biyu
ba tulun da za a ɗora a ka a yi rawa ba ce,
shi ya sa na rasa ta inda zan fara.

Ran Asabar ne, a rumfarka ta Wunti,
rediyon wani a gabanka, hanjinta a waje.
Gidado ya shigo a guje, numfashi sama-sama:
"Ba-ba-baba, na, na..."
Ka ce, "Faɗi mana! Ko sai na ciro ta da filaya?"
Yaran shago suka sheƙe.
Ya haɗiye sauran, ya koma bayan benci
yana zanen ƙasa da guntun kara.

Ni ma na yi dariyar. Kaɗan, Allah Ya gani.
Ita ta hana ni barci har asuba ta yi kira.

Uwar 'ya'yana ta ce, "Ina ruwanka?
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."
Haka ne. Amma kwanon da iska ta ɗaga,
na waje ke fara gani,
kuma ni ba alƙali ba ne, ban zo da ƙara.

Na biya Gwallaga na sayo masa mai zafi,
na shimfiɗa ledar tsakaninmu.
Muka zagi tsadar fetur, muka taɓa siyasa,
na kawo zancen Furera tawa,
yadda ta daina ba ni labarin makaranta
don kullum ni ke ƙarasa mata zance.
Ka ce, "Yaran yanzu sai addu'a."
Kewayen bai kai ni ba, sai ya zama hira.

Sai na ce, "Wato... ka ga... ni dai, Babayo..."
Harshena ya harɗe kamar igiyar guga.
Ka ajiye dalma, ka dube ni:
"Yau kuma kai ne da in'ina?"
Ba ka ƙarasa mini ba. Ba ka dubi agogo ba.
Ka zuba mini ido, kana jira.

Na ce, "Wannan da ka yi mini yanzu,
shi na zo roƙar wa Gidado.
Na ga kana murɗa rediyo a hankali
rabin sa'a, kunnenka a jikinta,
har tashar ta fito tas.
Ban zo koya maka riƙon ɗa ba,
nawa rufin ma yana neman gyara."

Shiru. Wani mai acaɓa ya yi ta oda a titi.
Ka goge hannu da tsumma, ka sake gogewa.
"Ci masarka," ka ce, "za ta huce."
Ban san ko na ɓata ba, ko na yi dabara.

Bayan la'asar yaron ya dawo,
ya tsaya nesa, yana murza bakin riga.
"Ma-ma-ma..."
Na ga leɓenka ya motsa. Na ga ka cije shi.
Ka ɗaga wa yaran shago yatsa ɗaya.
Sai da na ƙirga numfashi goma sha ɗaya:
"Mama ta ce a sayo gishiri."
Shi ke nan saƙon, gishiri ne kawai.
Ka ce, "To, na nawa?"
Ya matso kusa, ya sake farawa,
ni kuwa na sunkuya ina tattara leda,
kamar ba ni na kawo shawara.